Haƙora uku na Hajiya, da tarihin allurar da ake son yi mata

Rubutun nan yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare. Waɗanda kuka yi ta kira da aiko saƙo kuna tambayar jikin Hajiya, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na yi alkawarin zan yi bayani in na samu natsuwa, to ga shi.

Shekara uku ke nan mahaifiyata tana fama da wani ciwo a ɓarin fuskarta na dama. Zuwa yake kamar wutar lantarki ta ja mutum, daga gefen hanci ya tsarga kunci zuwa leɓen sama, daƙiƙa kaɗan ya sake ta, can kuma ya dawo. Abin da ke tayar da shi kuwa ba za ka taɓa zato ba: ruwan alwala, asuwaki, iskar fanka, lomar tuwo, wani lokaci amsa sallama kawai. Akwai hunturun da ta yi kusan wata guda da mayafi a fuska a cikin ɗaki, da hannu take mana magana. Matar da ta haifi takwas ba a taɓa jin kukanta ba, na gan ta tana hawaye don jikanta ya shafi kumatunta.

An cire mata haƙora uku. Ni na kai ta, ni na biya. Na ukun ma likitan ya ce shi bai ga komai a jikinsa ba, ni na matsa masa, don ita ta rantse nan ne ciwon yake. Aka cire, ciwo bai ko gezau ba. A tsakani an yi ƙaho, an yi hayaƙi, an yi zancen jifa da shafar iska. Sai daga baya wani likitan ya saurari labarin minti biyar, ya ce ciwon jijiya ne, haƙori ba ruwansa. Ya ɗora ta a kan wata ƙwaya, ta yi shekara ɗaya da rabi kamar an yi ruwa an ɗauke. Yanzu ƙwayar ta fara gazawa, an ƙara yawanta, jiri ya sa ta faɗi sau biyu a tsakar gida. Makon jiya likita ya kawo zancen allura.

Gida ya rabu biyu. Yaya ya ce a kashe jijiyar kowa ya huta. Ƙanwarmu ta ce ita ta ji allurar tana karkatar da baki. Ni ba likita ba ne, tarihi na karanta a jami'a, aikina kuma tura fayil. Amma abu ɗaya da ofis ya koya mini shi ne ba ka sa hannu a fayil sai ka karanta shi tun daga shafin farko. Shi na yi, dare biyar.

Kafin in shiga, akwai wata 'yar matsala ta harshenmu. Mu komai jijiya ne: wadda jini ke bi jijiya, wadda ka ci karo da ita a tsire jijiya, wadda ke kai saƙon zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Ta ƙarshen nan nake nufi, zan riƙa ce mata jijiyar ji. A kowane ɓari na fuska akwai babba guda ɗaya. Daga gindin ƙwaƙwalwa take fitowa, ta yi wani kulli a cikin ƙoƙon kai, sannan ta rabu gida uku: reshe ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama da haƙoran sama, ɗaya haɓa da haƙoran ƙasa da harshe. Kun ga dalilin da mai ciwon ke rantsuwa haƙori ne, layin guda ne. Sunan ciwon a asibiti trigeminal neuralgia. Ku rubuta ku ajiye, wata rana zai yi wa wani amfani.

Ciwon tsoho ne. Wani likitan Farisa, Isma'il al-Jurjani, wanda ya rasu a ƙarni na 12, ya siffanta ciwon da ke kama haƙora da muƙamuƙin ɓari ɗaya, har ya danganta shi da jijiyar jini da ke kusa da jijiyar ji. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta bayan shekara ɗari takwas.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1677. John Locke, wannan da muka haddace a ajin siyasa, ashe likita ne. Yana birnin Paris aka kira shi ya duba matar jakadan Ingila, tana ihu saboda ciwo a ɓarin fuska. A wasiƙun da ya aika Landan yana neman shawara, ya rubuta cewa an riga an cire mata haƙora biyu, ba su yi komai ba. Wallahi da na zo wajen nan sai da na ajiye wayar. Shekara ɗari uku da arba'in da wani abu, kuskuren bai sauya ba, mu ma har muka ƙara ɗaya. Locke ya ba ta maganin wanke ciki, bayan ɗan lokaci ciwon ya lafa. Kuma haka ciwon yake, yakan tafi da kansa wata da watanni sannan ya dawo. Duk maganin da aka yi a daidai lokacin tafiyarsa shi ke shan yabo. Mu ma mai ƙahonmu ya sha nasa yabon na wata uku.

A 1756 wani likitan fiɗa Bafaranshe, Nicolas André, ya sa masa sunan da har yau ake ji, tic douloureux, wato fizgar fuska mai zafi. Maganinsa shi ne ya buɗe fata ya riƙa zuba wa jijiyar sinadari mai ƙuna har ta lalace. A 1773 John Fothergill na Landan ya kawo bayanin mutum 14, ya lura ya fi kama manya, ya fi kama mata, kuma taɓawa kaɗan ke tayar da shi. Shi kuma tsiron nan mai dafi da aka shayar da Socrates yake ba su kaɗan-kaɗan.

Maganar ƙanwata tana da asali a wannan zamanin. A lokacin ba a rarrabe tsakanin jijiyar da ke motsa fuska da wadda ke kai saƙon ji ba, don haka wasu likitocin suka riƙa yanke ta motsin. Baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, ciwo kuma yana nan daram. Sai a shekarun 1820 Charles Bell da wasu suka nuna jijiyoyi biyu ne daban. Allurar da ake magana yau ta ji ake nufa da ita, sai dai reshen ƙasa yana ɗauke da igiyar da ke motsa naman tauna, don haka in an taɓa shi tauna na iya yin rauni.

Yanzu ga inda allura ta shigo, kuma nan ne na sha mamaki. A 1844, a asibitin Meath da ke Dublin, aka kawo wa wani likita mai suna Francis Rynd wata dattijuwa da ciwon fuska ya hana barci. An ba ta mofin ta sha, bai yi ba. Rynd ya yi tunanin me zai hana a kai maganin har inda jijiyar take. Ya ƙera wani siririn bututun ƙarfe mai rami a ciki, ya huda fatar fuskarta wuri huɗu, ya bar ruwan mofin ya gangara da kansa, don abin nasa ba shi da matsi irin na sirinji. Ya ba da rahoto a 1845 cewa ciwon ya tsaya nan take, ta yi barci. Wannan ake ƙirgawa a matsayin allura ta farko da aka yi wa mutum a ƙarƙashin fata. Ku duba fa: allurar rigakafin yaranku, allurar zazzaɓi, allurar masu ciwon suga, duk kakarsu saboda ciwon fuska irin na Hajiya aka ƙera ta.

A 1853 Alexander Wood na Edinburgh ya haɗa allurar da sirinji, shi ma don ciwon jijiya. Su biyun sun ɗauka mofin a wurin yake aiki. Daga baya aka gane ko a cinya ka soka shi haka zai yi, don jini ke ɗaukarsa zuwa ƙwaƙwalwa. Wato ba su toshe jijiyar ba, mutumin suka gusar wa hankali.

Toshe jijiya na gaskiya sai 1884. A shekarar ne Carl Koller, wani matashin likitan ido a Viyana, ya nuna cewa in aka ɗiga ruwan koken a ido za a iya yi masa aiki mutum yana farke. E, koken dai, hodar iblis. Cikin 'yan makonni William Halsted da Richard Hall a New York suka fara soka shi a jikin jijiyoyi, har da na haƙoran sama da na ƙasa, suka ga duk yankin da jijiyar ke yi wa hidima ya sage. Wannan allurar da likitan haƙori ke yi maka a can ƙarshen dasashi, leɓe ya yi maka nauyi, daga wajensu ta fito. A jikinsu da na ɗalibansu suka yi gwajin, kuma sun biya. Dukansu biyu suka kamu da jarabar koken. Halsted ya zama babban likitan fiɗa na farko a asibitin Johns Hopkins, shi ya kawo safar hannu ta roba ɗakin tiyata, amma a ƙoƙarin raba shi da koken aka ɗora shi a kan mofin, bai rabu da shi ba har ya mutu. Sai a 1905 aka samu procaine a Jamus, a 1943 kuma lidocaine a Suwidin, waɗanda ke sagar da jijiya ba tare da wannan bala'in ba.

To amma irin wannan allurar barci kawai take sa jijiya. Awa biyu, awa uku, ta farka. Mai ciwon shekara goma me awa uku za ta yi masa?

A shekarun 1890 likitocin fiɗa suka fara fasa ƙoƙon kai su cire kullin gaba ɗaya, Frank Hartley a New York da Fedor Krause a Jamus. Aikin yana raba mutum da ciwon, amma wani lissafi da aka yi a Amurka a 1896 ya nuna fiye da ɗaya cikin biyar ba sa tashi. Kuma duk da haka mutane suna zuwa suna roƙo a yi musu. Wannan kaɗai ya ishe ka sanin girman ciwon.

Daga nan aka koma neman abin da za a zuba wa jijiyar ta mutu ba tare da an fasa kai ba. An gwada sinadarai iri-iri. Wanda ya zauna shi ne tsantsar barasa, irin mai ƙarfin da ba ta shayuwa, wadda wani likitan ido a Munich, Schlösser, ya yaɗa amfani da ita daga 1903. Da farko rassan ake bi a inda suka ɓullo a fuska. Sai Wilfred Harris na asibitin St Mary's a Landan ya fara kai barasar har cikin kullin. A 1912 Fritz Härtel na Berlin ya tsara hanyar da har gobe sunansa take ɗauke da shi: a soka doguwar allura a kunci, kamar faɗin yatsa biyu daga gefen baki, a bi da ita sama da baya har ta shige wata 'yar kafa a ƙasan ƙoƙon kai, ta faɗa kullin. A lokacin babu na'urar da ke nuna maka inda bakin allura yake. Ƙwayar idon majinyaci da gaban kunnensa ake saiti da su, sauran kuma hannu ne da sabo. Harris ya yi ta yi shekara talatin, a 1940 ya buga bayanin mutum 1,433.

Ga abin da Yaya bai sani ba lokacin da ya ce a kashe jijiya kowa ya huta. Jijiyar da ke kawo ciwon ita ce dai ke kawo duk wani ji na wurin. In ka kashe ta, ka kashe duka. Mutum zai taɓa kuncinsa ya ji kamar katako. Zai ciji leɓe bai sani ba, shayi ya ƙone shi bai sani ba, miya na gangarowa a gefen baki sai an gaya masa. In barasar ta taɓa reshen ido, ido ya daina jin ƙura, ya daina ƙiftawa don kare kansa, gyambo ya fito, wasu har makanta. In ta zarce inda ba a so, ta lalata wasu jijiyoyin na kusa. Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ke samun kaɗan daga cikin mutane: fuska ta mutu amma tana ƙuna dare da rana, ka taɓa ba a ji, ƙunar kuma ba ta tsayawa. Wannan ya fi ciwon farko wuyar magani. Bayan duk wannan, in a reshe aka yi allurar, jijiyar tana sake tsirowa. Wata shida, shekara ɗaya, wani ya fi haka, ciwo ya dawo. A sake yi, kuma kowace maimaitawa ta fi ta baya wuya saboda tabon da barasa ke bari a ciki.

Kada a ɗauka ina zagin mutanen nan. Dattijon da ya rame don ba ya iya tauna, ka ba shi shekara guda yana cin abinci, ka yi masa babban abu. Ciniki ne dai, ka ba da ji ka karɓi sauƙi, kuma su da kansu sun rubuta farashin ba su ɓoye ba.

Abin da ya tura allura baya ƙwaya ce. A 1953 kamfanin Geigy a Basel ta Suwizalan ya haɗa carbamazepine, a 1962 wani likita a Suwidin, Blom, ya nuna tana kwantar da wannan ciwon. Ita ce Tegretol, ita Hajiya ke sha, kuma maganin farfaɗiya ce, shi ya sa wata maƙwabciya da ta ga kwalin ta fara yaɗa wani zance daban. Har yau ita ake fara bayarwa. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis. Tana sa jiri, tana rage gishirin jini, a wasu mutanen tana tayar da ƙurajen da ke saɓule fata har su yi kisa. Likita ke ɗora mutum a kai, yana duba jini.

Sai maganar Jurjani. A 1934 Walter Dandy, shi ma na Johns Hopkins, ya ba da rahoton cewa in ya buɗe bayan kunnen masu ciwon yakan tarar da jijiyar jini ta kwanta a kan jijiyar ji tana bugunta. A 1967 Peter Jannetta ya tabbatar da haka da madubin tiyata, daga nan aka samu aikin da ake ɗage jijiyar jinin a sa ɗan matashi a tsakani. Shi ne aikin da ke bin tushen ciwon, kuma yawanci ba ya kashe fuska. Sai dai buɗe kai ne, ba kowane tsoho ke iya ɗauka ba, ba kowane ciwon ne kuma daga nan yake ba.

Allura ba ta mutu ba, kaya ta sauya. Ta hanyar Härtel ɗin nan dai, a 1974 Sweet da Wepsic a Boston suka nuna yadda za a ɗumama bakin allura da lantarki a gasa jijiyar daidai gwargwado, ana tambayar majinyaci inda yake ji. A 1983 aka zo da 'yar balan-balan da ake hurawa ta matse kullin na ɗan lokaci. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Stockholm. Sten Håkanson yana son ya sa alama a kullin don a saita masa haske mai ƙona jijiya, sai ya kwaɓa garin wani ƙarfe da gilisarin ya zuba. Gilisarin dai da matanmu ke haɗawa da man shafawa da hunturu, sai dai nasu tatacce ne. Kafin a zo ga hasken, majinyata suka ce ai su ciwo ya tafi. Ya buga sakamakon a 1981, har yau ana yi.

Mu kuma fa? A 1962 ɗin da aka gano amfanin ƙwayar ga wannan ciwon ne Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan. Shekara sittin da ɗoriya, har yanzu mai irin wannan ciwon a garuruwanmu sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga likitan da ya san shi, in ya gan shi kuma kuɗin hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ya fi albashin wata na yawancinmu. Tun da aka saki naira a 2023, ita kanta ƙwayar sai da muka fara karo-karo a gida. Don haka allurar reshe, wadda ƙasashe masu hali suka mayar ta ƙarshen layi, a wurinmu takan zama abin da hannu ke iya kaiwa. Ban ga laifin likitan da ya kawo ta ba. Laifin da nake gani shi ne mu da muke jin kalmar allura mu ce to, ba mu tambayi me ke cikin sirinjin ba. Abu biyu ne ke amsa suna ɗaya: mai sa jijiya barci, da mai kashe ta. Ta farkon in ta saki komai ya koma yadda yake. Ta biyun ba a ce mata a fasa.

Ranar Litinin na koma wajen likitan da takardata. Na tambaye shi wace iri ce, wane reshe, wata nawa za ta yi, ina zai mutu, idonta fa, kuma sau nawa shi da hannunsa ya taɓa yi. Bai ji haushi ba, ya ma jawo takarda ya zana mini. Ya ce nata reshen tsakiya ne, yana fitowa ta wata 'yar kafa a ƙashin da ke ƙarƙashin ido. Zai fara da mai sa barcin, don a tabbatar reshen ne, ita kuma ta ɗanɗana yadda mutuwar wurin take kafin a yi maganar mai daɗewa. Ya ce wani lokaci ma sauƙin yakan wuce awannin maganin, ya ba da damar rage ƙwayar.

Duk tambayoyina shida, Hajiya guda ɗaya ta yi, a hankali don kada ta tayar da ciwon. Ta ce, "Ɗan nan, in an yi mai daɗewar, zan ji ruwan alwala a fuskata?"

Ya ce, "Mama, a wannan gefen, daga ƙasan ido zuwa leɓe, ba za ki ji ba."

Ta yi shiru har na ɗauka ciwon ne ya taso. Can ta ce a yi gajerar tukuna.

Alhamis ne da ƙarfe tara. Na riga na miƙa takardar neman hutun kwana biyu, Yaya zai kawo mota. A sa ta a addu'a.